Idan kwamfuta ta fara daskarewa bayan an ƙara wa furosesa gudu

Shawarar da gogaggu suka fi nanatawa ita ce a riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda. Wanda ya ɗaga gudun furosesa (ƙwaƙwalwar sarrafa bayanai ta kwamfuta), ya kunna XMP (saitin da ke ƙara wa RAM gudu), ya kuma taɓa ƙarfin wutar da ake ba furosesa duk a zama ɗaya, ba zai gane inda matsalar take ba. A mayar da BIOS, wato shafin saitin tushe na kwamfuta, yadda ya zo, a fara gwada RAM da manhajar MemTest86, sannan a riƙa ƙara gudun furosesa da 100 MHz a kowane mataki.

Idan shuɗin allon kuskure na Windows ya fito da saƙon CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT, galibi wutar furosesa ce ta gaza. A ƙara 0.01 V kacal, a bar Prime95 ko OCCT (manhajojin gwada juriyar furosesa) ya yi sa'o'i yana aiki, ido na kan zafin furosesa a manhajar HWiNFO. Wani lokaci wutar faɗuwa take yi idan aiki ya yi nauyi, maganinsa LLC ne (saitin BIOS da ke rage faɗuwar wuta), amma a tsaya a matsakaici.

An sha bamban kan iyakar zafi. Ni dai ina tare da masu cewa da zarar ya haura digiri 85 na Celsius, a sauko da gudun, kada a ƙara wuta. Idan kuwa kwamfutar ta ƙi tashi sam, a zare ta daga wuta, a cire batirin CMOS (ƙaramin batirin da ke riƙe saitin BIOS) na 'yan mintuna.