Har noti sai an kawo daga waje? Tambaya kan ƙarafan rijiyar mai

Maiwalda_Aboabo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Walda nake yi a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi. Wani yarona da ya koma Takoradi ya ce ƙarafan da ake saukarwa ƙasan teku a Jubilee, filin haƙar mai na Ghana, daga waje ake kawo su, har da noti. Noti fa! Mu da muke ƙera injin niƙa da bodin tirela, noti ne zai gagare mu? Masu sani ku fahimtar da ni.

Injiniya_Takoradi:
Wa alaikumus salam Masta. Ba wanda ya raina hannunku. Inda ƙarfen zai zauna ne matsalar. Zurfin ruwan Jubilee ya haura mita 1,000, ga sanyi, ga gishiri, kuma in abu ya lalace a can, sai dai a tura na'ura mai nutso.

Ƙarfe mai tauri da yawa shi ne abin tsoro. Noti ko bakin walda in taurinsa ya wuce kima, haidirojin kan shige shi, rana ɗaya ya tsage ba sallama. Shi ya sa ake auna taurin, a ɗauki hoton cikin waldar, kuma kowane yanki yana da lamba da takardar da ke nuna narkin da ya fito.

Na'urar toshe bakin rijiya, BOP, in an ƙera ta don jure matsin psi 15,000 (psi ma'aunin matsi ne), a masana'anta sai an matsa mata ruwa har 22,500. Da ruwa ake gwajin, don iskar da aka matse haka in ta ɓalle, bam ce.

Ɗalibi_KNUST:
Baba, gwajin ma ba ya kama komai. A Afrilun 2010 dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya kama da wuta a Tekun Meziko, mutum 11 suka rasu. Bincike ya nuna bututun haƙa ya lanƙwashe ya bar tsakiya, wuƙaƙen BOP suka kasa datse shi su rufe rijiyar.

Maiwalda_Aboabo:
Allah Ya kyauta. Wato mu sai kallo ke nan?

Injiniya_Takoradi:
A'a Masta. Tun 2013 akwai dokar ba 'yan Ghana kaso a aikin mai, kuma an fara haɗa wasu ƙarafan a nan gida. BOP dai ku bar ta tukuna. Ka sa yaranka su yi jarrabawar waldar bututu ta 6G, inda ake kafe bututun a karkace, digiri 45, ba a juya shi. Takardar nan ake fara tambaya a Takoradi.