Matashin kwatabak zai iya kai labari a ƙungiyar da ba ta da ƙarfi?

Ɗan Kallo:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu bin ƙwallon Amurka. A zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar NFL a 2023, Carolina ta ɗauki Bryce Young a lamba ɗaya, Houston ta ɗauki C.J. Stroud a lamba biyu, dukansu kwatabak ne, wato mai jagorantar hari da jefa ƙwallo. Carolina ta ci wasa 2 ta sha kashi 15, an kayar da Young da ƙwallo a hannu sau 62. Houston kuwa ta ci 10 har ta shiga zagayen sili ɗaya ƙwale. Shin bambancin daga yaran yake, ko daga waɗanda aka haɗa su da su? Yaro mai baiwa zai iya ɗaukar raunanniyar ƙungiya a kansa?

Mai Allo:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, sai ka fara faɗin inda raunin yake, don ba duk rauni ne ke kashe kwatabak ba. In masu tsaron baya ne ba su da kyau, za a sha kashi, amma yaron zai koyi aikinsa. In mutum biyar ɗin da ke yi masa katanga a gaba ne, to nan ake yin ta.

Daga lokacin da ƙwallo ta shiga hannunsa, abin da yake da shi bai wuce daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku ba. A ciki zai ja da baya, ya karanta inda masu tsaro suka koma, ya duba mai cafewa na farko, in a rufe yake ya koma na biyu. In matsin daga gefe ya zo, da sauƙi: taku ɗaya gaba ya isa ya kauce. In ta tsakiya aka fasa, babu inda zai taka, ƙafar gaba ba ta samun wurin dira, sai ya jefa yana jingine baya, ƙwallo ta tashi sama ta faɗa hannun abokan hamayya. Ga Young abin ya fi muni, don gajere ne, tsakiyar nan ita ce tagarsa.

Babbar ɓarnar ma ba a kakar farko ake ganinta ba. David Carr ya sha kayarwa sau 76 a Houston a 2002, ba a taɓa yi wa wani haka a kaka ɗaya ba, ya sake shan 68 a 2005. Wanda aka yi wa wannan, idonsa yakan daina kallon fili ya koma kallon masu zuwa kansa. Ko an gyara katangar daga baya, sai ka ga yana gudu daga matsin da babu shi.

Bakin Layi:
Malam Mai Allo, na yarda da rabi. Ba duk kayarwa ce laifin katanga ba, wata ta mai riƙe ƙwallo ce. Peyton Manning a 1998: Indianapolis ta ci 3 ta sha kashi 13, an cafke masa ƙwallo sau 28, amma sau 22 kawai aka kayar da shi, don ba ya barinta ta daɗe a hannunsa. Shekara ta zagayo suka ci 13.

Sannan ga Joe Burrow. A 2021 Cincinnati ta bar Penei Sewell, wanda zai ƙarfafa katanga, ta ɗauki mai cafewa Ja'Marr Chase. An kayar da Burrow sau 51 a wasannin kaka, sannan a wasan sili ɗaya ƙwale da Tennessee kaɗai sau 9, duk da haka suka ci wasan 19 da 16, suka kai Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi. Dalili: in kana da mai cafewa ɗaya da ba a iya tsare shi da mutum ɗaya, dole a ajiye masu tsaro biyu can baya, ba za a iya turo mutum shida ko bakwai kanka ba tare da an biya kuɗinsa ba. Abin da Young ya rasa ke nan, don Carolina ta haɗa da mai cafewarta D.J. Moore cikin abin da ta ba Chicago kafin ta samu lambar da ta ɗauke shi da ita. Stroud ya tarar da Laremy Tunsil yana yi masa katanga a hagunsa, da mai cafewa Nico Collins.

Sai dai jiki ke biya. Jijiyoyin gwiwar Burrow sun tsinke tun Nuwamban 2020. Andrew Luck ya ɗauki ƙungiyar da ta ci wasa 2 ya kai ta 11 a 2012, ya yi ritaya a 2019 yana ɗan shekara 29.

Ɗan Kallo:
Na gode malamai. To in ba a da katangar, ba a da mai cafewar, me koci zai yi?

Tsohon Hannu:
Akwai dabaru, amma kowacce da tsadarta. A bar mai gudu da ƙwallo ko babban mai cafewa ya dafa mai kai hari daga gefe kafin ya fita. Matsalar, masu fita neman ƙwallo sun ragu daga biyar zuwa uku ko huɗu. A yi jifa mai taku uku, yadi biyar zuwa bakwai. Bayan wasa kaɗan masu tsaro za su matso su toshe. A yi kamar za a miƙa wa mai gudu sannan a jefa, ko a fitar da yaron gefe ya karanta rabin fili kawai. Duk wannan yana aiki ne muddin ba a bar ku a baya da maki 14 ba, kuma yunƙuri na uku (cikin huɗun da ake ba ku don ku ci yadi goma) bai zo da saura yadi takwas ko goma ba. Da zarar kowa ya san jifa za ku yi, dabara ta ƙare.

Shi ya sa ni koci nake fara dubawa. Trevor Lawrence ya ci wasa 3 a Jacksonville a 2021, aka kori kocinsa Urban Meyer kaka ba ta ƙare ba. Da Doug Pederson ya zo suka ci 9. Young ma an kori kocinsa Frank Reich bayan wasa 11. Sabon koci na nufin sababbin sunayen tsare-tsare, sabon takun ƙafa, yaro ya koma aji ɗaya.

Ga kuma lissafin kuɗi. Tun yarjejeniyar 2011 tsakanin NFL da 'yan wasa an ƙayyade albashin sababbi: kwantiragin shekara huɗu, da zaɓin ta biyar ga 'yan zagayen farko. A shekarun nan ne kwatabak ke da araha, rarar ita ake sayen katanga da masu cafewa da ita. Chicago ta yi haka bayan an kayar da Caleb Williams sau 68 a 2024: ta kawo koci Ben Johnson, ta sauya mutum ukun tsakiyar katanga gaba ɗaya, cikin sababbin har da Joe Thuney.