Wifin tasha da na masauki: ina haɗarin yake ga matafiyi?

Ɗan Mokoyo:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masana. Fatauci nake yi, kusan kowane wata ina bisa hanya, Maraɗi zuwa Yamai, wani lokaci Kano ta Ɗan Isa. A tasha, a masauki, har wuraren da ake sayar da tikitin wifi na awa ko na wuni, ina haɗa salulata don forfe, wato megar da nake saya a layina, ba ya isa. Cikin salular nan akwai WhatsApp ɗin da nake ciniki da shi, akwai manhajar tura kuɗi, akwai hoton katin ɗan ƙasa da na fasfo. Wasu sun ce duk wanda kuke wifi ɗaya yana iya karanta saƙonka, wasu sun ce muddin akwai kod babu komai. Wanne ne gaskiya? Me ya kamata in yi kafin in tashi, da kuma bisa hanya? Tecno ce gare ni, sai ƙaramar kwamfuta da nake lissafi da ita.

Malam Na Ali Ɗan Sofo:

Wa alaikumus salam Alhaji. Maganganun biyu kowace da rabin gaskiyarta.

A fara da kod ɗin. Lambar da ke jikin tikitin wifi ba makulli ba ce, rasit ne. Akasarin wuraren nan wifinsu a buɗe yake: ka haɗa ba tare da an tambaye ka komai ba, sai wani shafi ya fito ya nemi lambar tikiti don a ƙirga maka lokacinka. Tsakanin salularka da na'urarsu babu wani rufi. Duba jerin sunayen wifi, wanda babu hoton kwaɗo a gefensa buɗaɗɗe ne. Mai kwaɗon ma, in tsarin kullensa WPA2 ne kuma an rubuta kod ɗin a bango kowa na gani, wanda ya san kod ɗin ya kuma kama lokacin da salularka ke haɗuwa yana iya warware abin da ke wucewa. Sabon tsarin kulle WPA3 da ya fito a 2018 ya toshe wannan kafar, sai dai ba kowane masauki ke da shi ba.

To amma me zai gani in ya warware? Nan ne mutane ke wuce gona da iri. A 2010 an yi wata ƴar manhaja, Firesheep, da ake sace shigar mutane Facebook a wifi ɗaya cikin danna biyu, don a lokacin shafuka da yawa ba sa rufe abin da ke tafiya. Yanzu kusan duk babban shafi da https yake aiki, wato rufin yana farawa daga salularka har uwar garken shafin. WhatsApp kuwa tun 2016 saƙonsa da kiransa a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa. Mai wifi ba ya karanta cinikinka. Abin da yake iya gani shi ne sunan shafukan da ka leƙa, da ƙarfe nawa, da yawan abin da ka sauke.

Haɗarin gaske yana wajen abin da kai za ka rubuta da hannunka. Kowa na iya kunna wifi daga salularsa ya ba shi sunan tashar ko na otal ɗin, ya ƙara ɗigo ko lamba 2 a ƙarshe, ko ma ya kwafi sunan harafi da harafi. Ka haɗa, shafi ya fito mai kyau da tambari, ya ce shiga da Facebook ko Gmail don samun intanet kyauta. Duk abin da ka zuba cikin akwatin nan hannunsa ya tafi, https bai da abin da zai yi maka, tunda kai ka miƙa. Don haka tambayi mai wurin ainihin sunan wifinsu, in ka ga biyu masu kama da juna ka nuna masa ya zaɓa. Shafin shiga na gaskiya lambar tikiti yake nema, ko lambar ɗaki, wani lokaci lambar waya. Ranar da ya nemi kalmar sirrin Gmail, ko lambar sirrin kuɗinka, ko lambobi 6 da WhatsApp ya turo maka ta SMS, kashe wifin nan take.

Sai jan gargaɗin Chrome, wanda a salula mai Faransanci yake cewa "Votre connexion n'est pas privée". Mutane sun saba danna ci gaba don su wuce. Kada ka yi. Ma'anarsa takardar shaidar da shafin ya nuna ba ta dace da sunansa ba, kuma haka abin yake fitowa idan wani ya shiga tsakaninku. Abu biyu marasa laifi ne ke kawo shi: kwanan watan salula ya rikice, ko ba ka shigar da tikitinka ba tukuna. Duba waɗannan biyun. In sun daidaita kuma gargaɗin bai tafi ba, bar wifin. Kuma kada ka tsaya neman kwaɗo a saman Chrome, tun 2023 suka cire shi, dalilinsu kuwa mutane na ɗaukarsa shaidar amana alhali shafin ɓarawo ma yana iya samunsa. Sunan shafin za ka karanta a hankali.

Maganar kuɗi gajeriya ce: kashe wifi, kunna forfenka, yi aikinka, mayar. Tura kuɗi ta manhaja ba ya cin mega mai yawa, bidiyo ne ke cinye forfe. Abin da kake yi da lambobin tauraro da # kuwa ta rezon layinka yake bi, bai taɓa wifi sam.

Mai Gyaran Salula, bakin babbar kasuwa:

Malam ya gama magana a kan wifin. Ni gyaran salular zan ƙara, don yawancin waɗanda ake kawowa an cuce su, kafin su bar gida aka yi sakacin.

Salula tana riƙe sunan duk wifin da ta taɓa shiga, in ta sake jin sunan ko'ina sai ta haɗa kanta tana cikin aljihu. Ga buɗaɗɗen wifi suna kawai take dubawa. Shiga Paramètres, Wi-Fi, jerin waɗanda aka ajiye, ka danna "Oublier" a kan duk na tasha da na masauki. Wanda za ka sake buƙata ka kashe masa haɗuwa da kansa. In mota ta tashi daga Ƙonni ko Dogon Dutsi ba ka amfani da wifi, kashe shi gaba ɗaya, batir ma ya huta.

A WhatsApp shiga Compte, "Vérification en deux étapes", ka sa lambobi 6 naka na kanka, ka haɗa da imel. Ko an yaudare ka an karɓi lambar SMS, ba a buɗe asusunka a wata salula sai da wannan. Kada ka sa shekarar haihuwa. Sannan leƙa "Appareils connectés", duk na'urar da ba ka gane ba ka fitar da ita.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne APK, wato fayil ɗin manhaja da ake girkawa ba ta Play Store ba. Shafin wifi ya ce sai ka sauke wata manhaja ko ka girka "certificat", wato takardar shaida, kafin ka samu intanet: wannan ba wifi ba ne, tarko ne. Takardar shaidar da ka girka da hannunka tana ba mai ita damar buɗe abin da Chrome ke ɗauka a rufe. Manhajar kuma da zarar ka ba ta izinin karanta SMS, duk lambar tabbatarwa ta kuɗi da ta zo maka ta gani. Haka GBWhatsApp da danginsa da ake turawa juna ta Xender. Play Store kawai, kuma sabunta salular da manhajojinta a gida kafin tafiya.

Hotunan fasfo da katin ɗan ƙasa kada su zauna cikin galeri tare da hotunan biki. Manhajar Files ta Google tana da jaka mai kulle da lambar sirri, mayar da su can. Sa wa sim ɗinka PIN shi ma, don in salula ta faɗi a tasha ɓarawo sim yake fara zarewa ya sa a wata. Ka dai kula: kuskure sau 3 yana rufe shi sai da PUK mai lambobi 8 da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin, kuskuren PUK sau 10 kuma ya kashe shi har abada.

Wajen caji, yi amfani da kan cajarka ka soka a kuran. In dole ta USB ɗin wani ce, salula ta tambaye ka, zaɓi caji kawai. Kuma ba a barin salula mara kulle a teburin mai caji a tafi salla.

Ɗan Mokoyo:

Allah ya saka da alheri. To VPN fa? Yarona ya sa mini wani na kyauta ya ce shi ke maganin komai.

Hajiya Malama, Zariya:

Alhaji, cire shi tukuna sai ka san na wane ne. VPN rami ne rufaffe daga salularka zuwa uwar garken mai VPN ɗin. Mai wifi ya daina ganin sunan shafukanka, gaskiya ne, amma yanzu mai VPN ne ke gani. Amanar ce ka ɗauke daga hannun wani ka damƙa wa wani. Uwar garke kuɗi take ci kowane wata, wanda ya ba ka kyauta ba iyaka kuma talla na fitowa ko'ina, daga wani wuri yake mayar da kuɗinsa, sau da yawa daga bayananka. In na kyauta kake so, Proton VPN na Suwizalan yana da tsarin kyauta mara iyakar mega, daga Play Store. VPN ɗin da ya nemi izinin ganin lambobin mutanenka ko SMS bai da hujjar nema.

Tsarin kunnawa yana da muhimmanci, shi ke rikita mutane. Haɗa wifi, shigar da tikiti, tabbatar intanet ta zo, sannan ka kunna VPN. In ka riga ka kunna "Bloquer les connexions sans VPN", shafin tikitin ba zai fito ba, ka yi ta zargin mai wifi a banza. Haka "DNS privé" da ke cikin Android tun na 9: in ka rubuta dns.google ko one.one.one.one yana rufe tambayar sunayen shafuka, amma shi ma yakan hana shafin tikiti buɗewa, sai ka mayar da shi "Automatique" ka shiga. Wasu manhajojin kuɗi kuma suna ƙin buɗewa in suka gan ka kamar daga Holan kake.

Inda ban yarda da yaron ba shi ne cewa maganin komai ne. Shafin ƙarya da ka rubuta wa kalmar sirri, VPN ba ya hana shi karɓa. Wanda ya bi abin da Malam da mai gyara suka faɗa ba tare da VPN ba ya fi tsira a kan mai VPN da ke danna duk abin da ya fito.

Malam Na Ali Ɗan Sofo:

Hajiya ta yi daidai, sai dai a kan kwamfuta ina ganin VPN ɗin ya fi amfani, don tana da tsofaffin manhajoji da ba duka ke rufe abin da suke aikawa ba. Ita ce ma ba mu taɓo ba. In Windows ce, duk wifin da ba na gidanka ba ka sa shi "Réseau public", wannan ke ɓoye ta ga sauran na'urorin da ke wurin ya kuma rufe rabon fayil. Ta ƙofar rabon fayil ɗin nan, mai lamba 445, cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta kulle kwamfutoci a duniya a 2017, waɗanda ba a sabunta ba. In Windows 7 ce a kai, tun Janairun 2020 aka daina yi mata gyaran tsaro, kada ta shiga wifin jama'a ko kaɗan. Kunna mata rabon intanet daga salularka da kod mai tsawo, haruffa 12 ko fiye.

Akwai abin da masu ƙetare iyaka ke mantawa. In ka wuce Jibiya layinka na Nijar bai kama ba, lambar tabbatarwa ta SMS ba za ta zo ba, Gmail ya rufe ka a waje. Tun a gida shiga sashen tsaro na asusun Google ka ciro lambobin ko-ta-kwana, guda 10 ne, kowace sau ɗaya take aiki. Rubuta su a takarda ka sa cikin jakar fasfo.

In kuwa ka farga ka riga ka rubuta kalmar sirri a shafin da ba ka yarda da shi ba, kada ka jira ka iso Maraɗi. Kashe wifi, da forfenka ka canza ta imel tukuna, don ta nan ake sake buɗe sauran, sai Facebook, ka kuma fitar da duk na'urorin da ke ciki. In lambar sirrin kuɗi ce, canza ta nan take ko ka kira kamfanin su dakatar da asusun. In WhatsApp aka ɗauke, sake shigar da lambarka ka karɓi sabon SMS, wannan kaɗai ke fitar da ɓarawon. In ya riga ka sa nasa lambobi 6 sai ka jira kwana 7, amma shi ma yana waje tun lokacin da ka shigar da lambar SMS ɗin. Cikin kwanakin nan ka kira abokan cinikinka da baki, ka gaya musu kada su tura ko dala da sunanka sai sun ji muryarka.