An ƙwace min WhatsApp da kira ɗaya, yanzu ana roƙon kuɗi da sunana

Maman 'Yan Biyu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a ba ni shawara, tun jiya ban runtsa ba.

Ni tela ce, ina ɗinkin mata a gida a Kurna, kuma kusan duk cinikina ta WhatsApp yake: a turo samfuri, a turo awo, mu yi tsada, a turo kuɗi. Jiya Alhamis bayan la'asar ina kan keke ina haɗa wasu kayan anko, sai ga kira daga baƙuwar lamba. Namiji ne, ya yi sallama cikin ladabi, ya kira ni da sunan da 'yan makarantarmu kaɗai ke kirana da shi. Ya ce shi ne sabon sakataren guruf ɗinmu na tsofaffin ɗalibai, za a yi taro ta intanet bayan isha'i a kan gudummawar wata 'yar ajinmu da ke kwance a asibiti. Kuma da gaske tana kwance, mun yi maganar a guruf kwana uku da suka wuce. Ya ce an turo wa kowa lambar shiga taron, in duba saƙo in karanto masa ya sa sunana. Na duba, ga lambobi shida. Na karanto. Ya yi godiya har da addu'a.

Ko minti biyar ba a yi ba WhatsApp ɗina ya fita. Na ɗauka matsalar sabis ce, na ci gaba da ɗinki. Sai bayan magariba ƙanwata ta kira daga Zariya tana tambaya ko na ga alat. Wai na ce mata ta ranta min 30,000 zan biya da safe, asusuna ya toshe, ta tura ta wata lambar akawun. Ta tura. Wata kwastomata ma ta tura 15,000, ita kuma ita ce ta fi tsaya min a rai, don mijinta ya rasu bara, ɗinkin yaranta ma bashi nake yi mata.

Na sake sa lambata, saƙo ya shigo, na shigar, sai aka ce in kawo wata lambar sirri da ban taɓa sawa ba. Nan na tsaya. Tambayoyina: zai dawo kuwa? Mutumin nan yana ganin tsofaffin hotunana? Akwai na amare da ba lulluɓi da suka turo min don ɗinki, amana ce a wuyana. Akwai kuma hoton takardar NIN ɗina da na taɓa tura wa ƙanina. Maigida ya ce in karya layin kawai in sayi sabo.

Mai Gyaran Waya, Farm Centre:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar da alheri. A yi wa maigida bayani, kar a karya layin nan. Layin shi ne abin da kike da shi wanda ɓarawon ba shi da shi, in kika yar kin bar masa gidan ke nan.

Abin da ya faru shi ne, ya sa lambarki a wayarsa kamar zai buɗe WhatsApp, kamfanin ya turo lambobi shida zuwa layinki don ya tabbatar mai layin ne, ke kuma kika karanta masa. Yana shiga ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ya sa tasa lambar sirrin. Ita ce ake tambayarki yanzu.

Ga abin da zai kwantar miki da hankali: tun lokacin da kika shigar da lambobi shidan da suka sake zuwa, an fitar da shi daga wayarsa, ko da ke ba ki samu shiga ba. Sai dai ki jira kwana bakwai, daga nan za a bar ki ki shiga ba tare da lambar tasa ba. Kar ki yi ta maimaita neman saƙo, duk yawan gwaji lokacin jira yake ƙara miki. Kuma kina iya ganin ya sake kira, ko wani ya kira ya ce daga kamfani yake zai gyara miki. Duk mutum ɗaya ne, sabbin lambobi shida yake nema.

Maganar hotuna kuwa, tsofaffin hirarki a cikin wayarki suke, ko a ma'ajiyar Google da ke haɗe da imel ɗinki. Ba sa bin lamba su koma wata waya. In bai san kalmar sirrin imel ɗinki ba, bai ga hoton amare ba, bai ga takardar NIN ba. Abin da ya gani shi ne saƙonnin da suka shigo bayan ya shiga, da gurufan da kike ciki da lambobin mutanen ciki. Ta nan ya samu ƙanwarki. Kuma ina kyautata zaton ke ma ta nan ya same ki: wata a guruf ɗin makarantarku aka fara ƙwace wa, ya zauna shiru yana karanta hirarku har ya san sunanki da zancen mara lafiya. Ki kira shugabar guruf ɗin, a bi mutane ɗaya bayan ɗaya da kiran murya a gano wace ce.

Ki danna ##002# ki kira, yana soke duk wata karkatar da kira da aka sa a layi. Wasu suna sa mutum ya danna wasu lambobi da ke farawa da **21* sai kiransa ya riƙa tafiya wayarsu, su karɓi lambobin ta kiran murya. Ranar da kika shiga kuma, kafin ki amsa wa kowa, ki je saiti ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu da taki lambar, ki haɗa da imel, sannan ki duba jerin na'urorin da aka haɗa da asusun ki fitar da duk wadda ba ki sani ba.

Yaya Mai POS:

Anti sannu da wannan jarabawa. Ni ta ɓangaren kuɗin zan yi magana, don kullum a cikinsa nake.

Yau ɗin nan, ba gobe ba, ƙanwarki da kwastomar kowacce ta je bankinta da rasit ɗin transfa, ta rubuta ƙorafi cewa damfara ce. Bankin zai tuntuɓi bankin da kuɗin ya shiga. Ba zan ɓoye miki ba, irin waɗannan mutane ba sa barin kuɗi ya kwana, amma in an yi sauri ana iya tarar da wani abu, kuma ko ba komai an shigar da rahoto a kan akawun ɗin kafin a cuci wasu da shi. Su ajiye hoton hirar, kar su goge don ɓacin rai, 'yan sanda ko EFCC shi za su fara tambaya.

Na ɗan saɓa da ɗan'uwana na Farm Centre a abu ɗaya. Ya yi gaskiya cewa layi shi ne makami, amma bai faɗi yadda za a tsare layin kansa ba. Mutane suna kulle fuskar waya da zanen yatsa su ɗauka sun gama. Mai ƙwacen waya ba ruwansa da fuskar, sim zai zare ya sa a ƙaramar waya. Da *565*0# BVN ɗinki ya fito masa, saƙonnin banki kuma duk can za su shiga. Na ga wanda aka kwashe wa kuɗin kayan shago a dare ɗaya ta haka, kafin gari ya waye ya je ya yi welkam bak, wato ya sake karɓo layinsa a sabon sim. Ki sa wa sim ɗinki PIN a saitin waya. Amma kar ki yi cinke: kuskure uku zai kulle ya nemi PUK, wadda ke jikin katin da sim ya zo a ciki, kuskure goma a PUK kuma sim ya mutu. In katin ya ɓata ki tambayi ofishin layin kafin ki taɓa.

Baban Ɗalibai:

'Yata, Allah ya ba da haƙuri. Shekara talatin na yi ina koyarwa, kuma makamancin wannan ya same ni ta wata ƙofar. Kwamfuta ɗaya muke da ita a falo, ni da yara. Na shiga imel ɗina a wani kafe don fitar da takardar fansho, na tashi ban fita daga ciki ba, kuma kalmar sirri ɗaya nake amfani da ita a imel da Facebook, shekarar haihuwata ce da sunan ɗan farina. Cikin mako guda duka biyun suka tafi.

Tunda an ce hotunanki suna ma'ajiyar imel, ki canza kalmar sirrinsa a daren nan, ki sa doguwa wadda ba suna ba ce ba ranar haihuwa ba. Ni a littafi nake rubuta nawa in ajiye inda nake ajiye takardun gida, kowane asusu da tasa. Idan kuma kin taɓa buɗe WhatsApp a kwamfutar gida, a duba. Tamu Windows 10 ce, kuma tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina turo mata gyaran tsaro na kyauta da aka saba, don haka na hana a shiga banki da ita har sai mun sauya.

Sannan ki faɗa wa mutane da bakinki, kar kunya ta hana ki. Ni kwana biyu na yi ina ɓoyewa, a cikin kwana biyun nan aka karɓi kuɗin tsofaffin ɗalibaina uku.

Maman 'Yan Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na bi maganarka: na karɓi wayar maigida na yi saƙon murya, na ce a yaɗa a duk gurufan da nake ciki. Mutum huɗu sun kira sun ce su ma ya tambaye su, ɗaya har ta fita za ta wurin mai POS. An kuma gano wadda aka fara ƙwace wa, ashe tun makon jiya ba ta da WhatsApp, ta ɗauka wayar ce ta lalace. An cire lambarta da tawa daga guruf zuwa lokacin da za su dawo.

Ƙanwata ta je banki da safe, sun karɓi ƙorafin sun ce ta jira. Kwastomata kuwa na je gidanta da kaina na kai mata 15,000 ɗinta. Ta ƙi karɓa da farko, na ce da sunana aka karɓa, kuma saboda ni ta bayar. Na canza kalmar sirrin imel, katin sim ne har yanzu ban gano inda na ajiye ba.

Saura tambaya ɗaya, Malam mai gyara. Mahaifiyata tana WhatsApp amma ba ta karatun boko, saƙon murya kawai take yi, kuma duk wanda ya kira ya yi mata sallama za ta miƙa wa jika waya ta ce ya karanto masa abin da ya shigo. In na sa mata tabbatarwa mai mataki biyu, zan iya haɗawa da imel ɗina in riƙe lambar a wurina? Gobe Asabar zan je gida.