Tayar ranfilat ko ta gama-gari a BMW? Dan Allah ku ba ni shawara

Ɗan Samaru:
Salamu alaikum 'yan uwa masu harkar mota. Na ɗauki BMW 528i ƙirar 2014 'yar Amurka, inji lafiya lau giya lafiya lau, amma tayoyin da ta zo da su sun cinye, ta gaba ɓangaren direba ma har ta fara kumburi a gefe. Ranfilat ne dukkansu, irin tayar nan da ake iya ci gaba da tafiya da ita ko iska ta fita, lamba 245/45 R18, kuma but ɗin ba sifiya ba jek, ko gurbin da za a sa sifiyar ma babu, na ɗaga kafet baturi kawai na tarar. Na kira Kano aka faɗa min kuɗin ranfilat guda ɗaya sai da na nemi wuri na zauna, nan Gusau kuma na zaga ban samu lambar ba. Wani abokina yana cewa in cire su duka in sa na gama-gari in huta, wai motar ma za ta fi laushi. To ni damuwata hanya ce, aiki yana kai ni Kaduna ta Funtuwa, wani lokaci Sakkwato, kuma kun san hanyoyin nan ba wurin da mutum zai so ya tsaya yana kwance taya ba ne. Akwai wanda ya taɓa canzawa? Yana yi wa motar illa?

Oga Bakanike:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah shi sanya alheri shi tsare. Ba ta da wata illa ga mota in ka canza, da sharaɗi guda, ka canza duka huɗu lokaci guda. Kar ka yarda wani ya ce maka a sa biyu-biyu, taurinsu ba ɗaya ba ne, a kwana ko birki na gaggawa gaba da baya ba za su yi magana ɗaya ba.

Ita ranfilat ba wani siddabaru gare ta ba, gefenta ne aka yi mashi roba mai kauri da tauri, in iska ta fita gefen ne ka ɗaukar nauyin mota maimakon ta kwanta bisa rim. Amma tana da iyaka, ƙa'idar da mafi yawan kamfunna sunka bayar ita ce kilomita 80, kuma gudu kar ya wuce 80 a awa. In mota ta cika da mutane da kaya ga zafin kwalta na rana, kar ma ka sa ran za ta kai hakan. Kuma da yawa ba su sani ba, tayar da anka yi doguwar tafiya da ita ba iska ta gama aiki, daga waje za ka gan ta tsaf amma ciki ta dahu, shi ya sa kamfunna da yawa ba su yarda a yi mata faci ba.

Na Ƙaura:
Ni dai na cire kuma ban yi nadama ba wlh. Irin motarka ce gare ni, lokacin da take kan ranfilat duk ɗan ramin da na faɗa sai na ji shi har cikin haƙorina, kuma abin da mutane ba sa faɗa shi ne gefen nan mai tauri baya shanye duka, kai tsaye yake miƙa shi ga rim da ƙafar mota. Rim ɗina na baya tsagewa ya yi ta ciki, kullum da safe iska ta ragu, an cire taya an duba ba ƙusa ba komai sai da aka tsoma shi a ruwa muka ga kumfa na fita ta jikin ƙarfen. Wannan kumburin da kake gani a taka ma aikin rami ne. Turawan da suka ƙera abin nan titinsu suka duba ba namu ba.

Amma fa kar ka cire ka kama hanya haka nan. Ka nemi sifiya wadda ta dace da motar, hujin rim ɗin 5x120 ne, kuma a gwada ta a gaba a gabanka a tabbatar ba ta taɓa birki, sannan jek mai kyau da wil sifana da ɗan famfon nan da ake jonawa a wurin laita. But ɗin zai ragu sosai wannan kam sai haƙuri, uwargida har yau tana mita in za mu yi tafiya.

Maman Ilham:
Na Ƙaura kai kana maganar haƙori mu muna maganar rai. Bara muna dawowa daga Zariya ni da yara da ƙanena yana tuƙi, la'asar ta yi sanyi, mun wuce 'Yankara kenan sai fitilar taya ta kama a dashbod da ƙarar nan tata. Ba gari ba mutane, motocin da ke wucewa kowa ta kansa yake. Ƙanena ya ɗaga ƙafa ya dawo 70, hannunsa biyu a sitiyari ba wanda ya ce uffan a motar, ni dai ina ta jan Hasbunallahu, haka muka ratsa Tsafe muka shigo Gusau ana kiran magariba. Da safe mai faci ya zaro wani guntun ƙarfe kamar ɗan yatsa. Tayar ta tafi, na sayi wata da tsada, kuma ko ninki biyu aka ce min zan biya. Kai namiji ne ka iya kwance taya cikin minti goma, ni wa zai kwance min? Ɗan Samaru in kana da hali ka bar abinka yadda ka same shi.

Na Ƙaura:
Hajiya Allah ya ƙara tsarewa, ban musa miki ba. Amma ƙarfe ne ya huda taki. Da rami ne ya yage gefen ko ya fasa rim, ranfilat ba abin da za ta yi miki, nan za ki tsaya kuma ba sifiya a but.

Mai Taya Tudun Wada:
Ku duka kuna da gaskiya, ni abin da zan ƙara na kasuwa ne. Yallaɓai ko wacce za ka saya ka karanta gefenta da idonka kar ka bar wa yaro. Ranfilat ta gaske tana da alama, Bridgestone suna rubuta RFT, Michelin ZP, Continental SSR, waɗanda aka yi wa BMW kuma za ka ga tauraro da RSC cikin da'ira. Sai ka nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne sati da shekara, misali 2322 sati na 23 kenan a 2022. 'Yan Rod Sefti shekara huɗu suke lissafawa daga wannan ranar, to ka ga in ta kwana biyu a sito ka sayi rabin rai. Ka duba wajen Temperature ma, A ta fi B da C jure zafi, kuma zafin watan Afrilu a nan ba sai na faɗa maka ba.

Abin da zan roƙe ka, kar tsada ta tura ka ga ranfilat 'yar Beljiyam. Ta gama-gari in an yi tafiya da ita ba iska kowa zai gani, ita wannan ɓoye ciwonta take yi, ba ka san ko wani ya riga ya cinye kilomita 80 ɗin a can ba. Gara sabuwa ta gama-gari mai suna da tsohuwar ranfilat, nesa ba kusa ba.

Ɗan Samaru:
Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Maganar Hajiya ta tsaya min a rai gaskiya, ina ganin ranfilat ɗin zan sa a aiko min daga Kano ko da aljihu zai yi kuka, kuma in nemi sifiya da jek in jefa a but kamar yadda Na Ƙaura ya ce. Oga tambaya ɗaya, kowane mai faci zai iya sa min ko sai wuri na musamman?

Oga Bakanike:
A'a Alhaji, kar ka kai ta wurin masu ƙarfe da guduma. Gefen yana da tauri ƙwarai, da ƙarfi za su danne shi su kankare maka bakin rim, kuma motarka tunda 'yar Amurka ce akwai sensa cikin kowane rim manne da bawul, ita ka gaya maka iska ta sauka, in sunka karya ta ranfilat ɗin ba ta da amfani don ba za ka san ta huje ba sai ta watse. Ka je inda ke da injin cire taya, ka gaya masu akwai sensa tun kafin su fara. In an gama a yi balansin da alaimen, iska kuma ka bi takardar da ke manne jikin ƙofar direba, da safe taya na sanyi, ba abin da mai faci ya ga dama ba. Sannan ka shiga iDrive, allon kwamfutar motar da ke dashbod, wajen taya ka yi risetin ka ɗan zaga da ita har ta karanta. Ita mai kumburin nan kuma kar ka hau hanyar Funtuwa da ita ko gobe ne, ka jira sababbin su iso.