Ina son haɗa ƙaramin babur da injin janareto, a ba ni shawara

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗan koyon walda ne a Rikkos cikin garin Jos, kuma na daɗe ina tara ƙarafuna da niyyar haɗa ƙaramin babur na kaina, irin mai faffaɗan wurin ɗora ƙafa. Abin da ke hannuna shi ne injin janareto Tiger wanda koyil ɗinsa ya ƙone amma injin na tashi ja ɗaya, sai tayoyin baro biyu, kan keke da birkinsa, da ƙarfen wani tsohon gado. Tun da fetur ya yi tsada a 2023 kuɗin Keke Napep ke cinye ɗan abin da Oga yake ba ni. Injin nan zai iya ja na kuwa? Kuma yaya zan haɗa shi da tayar baya? Don Allah masana a taimaka.

Bakanike daga Farin Gada:
Wa alaikumus salam ƙanena. Niyyarka ta burge ni, amma ajiye injin Tiger ɗin nan. Ƙarami ne, 63cc, kuma an yi shi ne ya tsaya a kan juyi 3,000 a minti saboda wuta, gwamna, wato na'urar da ke daidaita juyin inji, ke riƙe da shi, bai san a ja totur a saki ba. Sannan idan ka zare koyil za ka ga bakin sandar injin a fiƙe take, ba miƙaƙƙiya ba, babu wurin da kuloci zai zauna sai an je wurin masu injin sassaƙa ƙarfe. Ga shi Jos a kan tudu take, wajen mita 1,200 sama da teku, iska ba ta da kauri, kowane inji yana rasa wajen kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a nan. A fili zai ɗan tura ka, da ka zo hawa sai ka sauka ka tura shi.

Nemi injin markaɗe, GX160. Shi 163cc ne, baƙin mansa daban fetur daban, sandarsa miƙaƙƙiya ce da gurbin makulli, kulocin nan mai kama kansa idan an ba da wuta zai shiga kai tsaye. Ka duba da kyau kada a sayar maka da na ban ruwa, bakin sandarsa zare ne da shi. Wasu GX160 ɗin kuma suna da na'urar da ke kashe inji idan baƙin mai ya yi ƙasa, to a kan babur da ka karkata ko ka faɗa rami sai ya mutu ko da mai a cike.

Malamin makarantar koyon sana'a, Bukuru:
Bakanike ya faɗi gaskiya. Bari in ƙara da lissafi, don a nan yawancin yara suke faɗuwa. Tayar ƙaramin babur mai rim 10 tana cin wajen mita 1.3 a juyi ɗaya. GX160 na kaiwa juyi 3,600 a minti. Idan farantin kaca na jikin kuloci haƙora 10 ne, na baya 60, taya za ta juya sau 600 a minti, wato gudun kilomita 47 a awa ke nan. Wannan gudun ya yi wa abin da aka haɗa a gida yawa, kuma wajen tashi da hawa kuloci zai ta zamewa har ka ji ƙaurinsa. Abin da kake so shi ne inji ya juya sau 8 taya ta juya sau 1, gudu ya tsaya wajen kilomita 35, ƙarfin ja ya ƙaru. Matsalar ita ce faranti mai haƙora 80 ya kusa kai faɗin tayar kanta, zai riƙa dukan dutse. Sai dai ka sa wata gajeriyar sanda a tsakani a kan boris biyu, kaca ɗaya daga inji zuwa gare ta, wata daga ita zuwa taya. Kacocin biyu kuma dole su miƙe sak, ka ja zare ka gwada kafin ka ɗiga walda.

Mai sayar da kayan babur a Dilimi:
Malam, da girmanka, ni ban ga amfanin wannan wahalar ba. Ya sayi tsohon injin roba-roba 110 kawai. Giya huɗu na ciki, kulocinsa na kama kansa, ga wutar fitila, kayan gyaransa kuma ko'ina akwai. Kuɗin kuloci da boris da kaca biyu idan ka haɗa sun kusa kama kuɗin injin. Amma ɗan'uwa, duk inda ka saya, wurin 'yan gwangwan ne ko shago, ka karɓi rasit mai lambar inji a jiki. Injin sata yana yawo, ranar da aka gane shi a hannunka kai ne ɓarawon.

Malamin Bukuru:
Na yarda, in aljihunsa zai ɗauka roba-roba ya fi sauƙi. Na bi ta ɗaya hanyar ne don yaron koyo yake.

Tsohon mai walda, Gangare:
Yaro, duk suna ta maganar abin da zai tafi da kai, ni abin da zai tsayar da kai ya dame ni. Birkin keke roba ce ke matse rim, an yi shi don mutum da keke. Kai da inji da ƙarfe kun haura kilo 100, a gangara, ga ruwan Agusta. Ba zai riƙe ba. Tayar baro kuma don tafiyar ƙafa aka yi ta, boris ɗinta zai yi zafi ya watse. Ka nemo ƙafar gaba ta babur ɗungurungum, da shokozobanta da birkinta, ta baya ma haka.

Ƙarfen gado siriri ne, ciki ya ci tsatsa, da ka ɗora masa wuta zai huje. Sayi fayif baƙi mai kauri, a wuyan babur ɗin ka ƙara masa 'yan ƙarafuna masu kusurwa uku ta kowane gefe, don nan ne yake karyewa. Wannan wurin ka bar wa Oganka ya yi da hannunsa, ba raini ba ne. Tanki ya yi nesa da salansa. Kuma kada ka kuskura ka kai wuta jikin tankin da ya taɓa shan fetur, ko ya shekara a bushe, tururin da ke ciki ne ke fashewa. Ka sa maɓallin kashe inji kusa da babban yatsanka saboda ranar da wayar totur za ta maƙale.

Wata uwa daga Anguwar Rogo:
Ɗana, Allah ya yi wa hannunka albarka. Ni roƙona hular kwano, kuma kada ka ɗauki ƙannenka a kai, ƙafar yaro da kaca a buɗe ba sa haɗuwa. Ka yi mata murfi.

Direban Keke Napep:
Abokina, ka tuna dokar hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru tana nan tun zamanin Gwamna Jonah Jang. Masu babur na kansu ma ana tare su a nemi takardu, balle kai da babu lamba, babu lambar jikin babur da za a yi rajista da ita. Kafin ka kashe kuɗi ka je ofishin VIO, jami'an duba ababen hawa, ka tambaye su yadda ake yi da abin hawan da aka ƙera a gida. In ba haka ba ranar farko a Bauchi Road za a jefa shi a mota.

Mai tambaya:
Na gode iyayena, Allah ya saka da alheri. Baba na Gangare, na nuna wa Oga maganarka, ya ce shi zai yi wuyan kuma yana da guntun fayif a shago. Tiger ɗin zan kai a naɗa masa koyil in sayar, in cika in nemi injin roba-roba. Gobe in sha Allahu zan fara leƙa VIO. Yaya na Dilimi, idan na samu injin me zan duba a jikinsa kafin in biya?

Mai sayar da kayan babur a Dilimi:
Ka je da safe inji na sanyi, kada a ɗumama maka shi kafin ka iso. Taka kik da hannu ka ji ko yana turjiya, in ya tafi salalau ring ɗin fistin ya mutu. Kwance fulogi, in ya jiƙe da baƙin mai ka bar shi. A tayar a gabanka, ka duba hayaƙi, ka shiga giya huɗun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka haska ƙasan injin da tocila ka ga ko an taɓa liƙe shi da gam.