Allo yana yin baƙi idan na buɗe hoton talabijin ya cika fuskar kwamfuta

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kallon tashoshin talabijin a kwamfutata ta hanyar ƙaramar na'urar kamo tashoshi da ake jona wa a USB, kuma komai yana tafiya lafiya muddin hoton yana cikin ƙaramar taga. Da zarar na buɗe shi ya cika allo sai fuskar ta yi baƙi ƙirin, alhali murya tana fita tangararau. Na goge manhajar kallon tashoshin na sake ɗora ta har sau biyu, amma ba ta canja zani ba. Wanda ya taɓa cin karo da haka ya taimaka mana da abin da ya gani.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, ni ma na ɓata kwana uku ina sake ɗora manhaja kafin na gane cewa ba a nan gizo ke saƙar ba. Tunda murya tana fita, tashar ta kamu. Abin da ya samu tangarɗa shi ne hanyar da manhajar take miƙa hoto ga katin hoto na kwamfuta. Tsofaffin manhajoji da yawa suna zuwa a saite a kan Overlay, wanda sababbin direbobi, wato manhajojin da ke sarrafa katin hoto, ba su cika jituwa da shi ba. Ka shiga saitin bidiyo ka mayar da shi EVR, wani tsarin miƙa hoton ne wanda ya zo tun zamanin Windows Vista, idan kuma babu shi ka gwada VMR9, sannan ka rufe manhajar gaba ɗaya ka sake buɗewa.

Amsa ta biyu: Tawa matsalar daban ce, amma ina ganin za ta amfani wani. Hoton yana fitowa, sai dai ya yi wa allon yawa, ta yadda rubutun labaran da ke gudana a ƙasa ya yanke, sakamakon wasan ƙwallo da ke kusurwa ma rabinsa nake gani. Ashe girman rubutu na Windows ne yake kan kashi 150 cikin ɗari, manhajar kuwa ba ta san da shi ba. Da na mayar da shi 100 sai hoton ya zauna daram. Daga baya na shiga Properties na manhajar, sashen Compatibility, na bar mata ikon daidaita girmanta da kanta, domin idona ba ya jure ƙananan haruffa.

Amsa ta uku: Idan da wayar HDMI aka haɗa kwamfutar da akwatin talabijin, a fara duba akwatin, domin shi kansa yakan datse gefunan hoto, a LG saitin da ke hana haka sunansa Just Scan. Ni kuma abin da ya dame ni shi ne hoto yana ɗan tsalle idan kyamara ta juya, saboda tashar tana watsawa a 50Hz allona kuma yana kan 60Hz, wato yawan sabunta hoto a daƙiƙa bai zo ɗaya ba. Da na daidaita su tsallen ya daina.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Overlay ɗin ne kuwa, yanzu hoto ya cika allo. Saura abu guda: idan na fita daga cikakken allo na koma, wani lokaci yakan daskare har sai na danna maɓallan Windows da Ctrl da Shift da B tare. Zan sabunta direban katin hoto yau da daddare in dawo muku da sakamako.